Darɓar gonarka ba lallai daga gonar maƙwabcinka ta zo ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan ƙwari, eh ƙwari dai, na san wasu za su ce duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasar nan a rasa abin rubutawa sai ƙwaro, to su yi haƙuri su karanta tukuna.

Duk shekara da damina ta kankama in ka zauna cikin manoma zancen ɗaya ne, darɓa ta kama wake, ta kama gyaɗa, an yi feshi yau bayan kwana biyar ta dawo kamar ba a yi ba, sai a ce maganin jabu ne, ko a ce ai gonar wane ce ta ja mana tunda shi ba ya feshi, wallahi na ga inda wannan magana ta raba maƙwabta gaisuwa. Akwai maganin jabu a kasuwa kam, wannan ba mai musu, kuma gonar da aka yi wa riƙon sakainar kashi tana yaɗa ƙwari. Amma akwai wata hanya ta uku da ba a cika ambatonta ba har a shafinku na noma, wato sama. Da yawa daga cikin ƙananan ƙwarin nan saukowa suke yi daga sama, iska ce ke ɗauko su daga garin da mai gonar bai taɓa takawa ba, kuma abin mamaki babbar shaidar hakan a kan manyan tsaunuka aka tsince ta, can ƙololuwa inda ko ciyawa ba ta fita.

Bari in fara da irin ƙwarin da nake nufi don kar a haɗa su da fara ko tsutsa masu tauna ganye. Masu tsotso nake nufi, waɗanda bakinsu ɗan siririn tsinke ne mai rami a ciki, su soka shi a ganye ko a ƙwaya su zuƙe ruwan. Darɓa tana cikinsu, da farin ƙudan nan na tumatir da rogo, da jan ƙwaron da ke ɓata farin auduga, da shamai mai taruwa a ƙarƙashin gyaɗa da riɗi in an cire an tara a gona ya shanye man ƙwaya ta yamushe, har kuɗin cizo ma ɗan gidansu ne sai dai shi ba shi da fiffike, a katifa da jakar matafiya yake yin tasa tafiyar. Saboda wannan bakin ne masana suka sa su duka a dangi ɗaya.

Ranka ya daɗe, duk wanda ke da wake a gona ya je ya juya ganyen da darɓa ta kama ya tsaya ya duba da kyau. Zai gan su baƙaƙe ƙanana sun yi cincirindo a jikin toho, tururuwa na hawa da sauka a kansu tana lasar zaƙin da suke fitarwa, in ya taɓa hannunsa ya yi danƙo. Galibinsu ba su da fiffike kuma mata ne, ba ruwansu da namiji, ba sa ma tsayawa yin ƙwai, haihuwa suke yi kai tsaye, wadda aka haifa yau kafin mako ya zagayo ita ma ta fara haihuwa, shi ya sa kake ganin gona lafiya lau ran Juma'a ka dawo wata Juma'ar ka tarar da abin takaici. To in wurin ya cika maƙil ko shukar ta fara tsufa sai a fara samun masu fiffike a cikinsu, in ka ƙura ido za ka gan su ɗaiɗai da ɗan siririn fiffike mai sheƙi ya fi jikin tsawo. Waɗannan su ne matafiyan. Sai dai tashin nasu ba wani ƙarfi gare shi ba, ɗan yaro mai tafiya da sauri ma zai wuce su, saboda haka da zarar sun ɗaga sama da tsayin shuka sun shiga inda iska ta fi ƙarfinsu shikenan ba su ke zaɓen inda za su ba. Da hantsi rana tana gasa ƙasa, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi zafi ta yi ta hawa sama, ita ce dai wadda shirwa ke bi tana shawagi ba tare da ta kaɗa fiffike ba, ita ke ɗaga waɗannan ƙananan halittu ta kai su ɗaruruwan mitoci wani lokaci dubbai, can kuma su tarar da wata iskar mai gudu a miƙe ta wuce da su.

Ba yau aka gano haka ba. Tsakanin 1926 da 1931 wani ma'aikacin gona na Amurka mai suna Glick ya riƙa ɗaura tarko a jikin ƙaramin jirgin sama yana shawagi a jihar Louisiana, yankin masu noman auduga ne, ya kamo ƙwari kusan 30,000 a sararin sama, har da gizo-gizo a tsayin mita 4,500, shi da ko fiffike ba shi da shi, zarensa kawai yake saki iska ta ja shi.

Yanzu sai a zo kan tsauni. Da rana gefen tsauni yana ɗaukar zafi, iska ta riƙa bin gangaren tana hawa daga kwari zuwa sama ɗauke da duk abin da ta kwaso daga gonaki da dazuzzukan ƙasa. Matsalar ita ce duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6.5, ka ga kenan in ana digiri 35 a ƙasa, wanda ya kai mita 4,000 a sama yana cikin digiri 9 ne, shi kuwa ƙwaro jikinsa ba ya yin ɗumin kansa kamar namu, in sanyi ya kai wani mataki fiffiken ƙin kaɗawa yake yi. Ga shi kuma iskar da ke kwance a kan dusar ƙanƙara ta fi ta kewaye sanyi da nauyi, ƙasa take yi, sai ta sauke kayan da ta ɗauko a nan. Masu hawan tsaunukan Turai da Amurka da Himalaya sun daɗe suna ba da labarin wannan, ka iso filin ƙanƙara da yamma a lokacin zafi ka gan shi ɗige-ɗige baƙi kamar farin zanen da aka shanya ƙura ta sauka a kai, in ka durƙusa sai ka ga ƙwari ne, darɓa da ƙananan ƙudaje da masu tsotson ƙwaya da 'yan uwansu, wasu sun sandare wasu ƙafa na motsi a hankali, kuma waɗanda suka kwana biyu sun ɗan nutse a wani ɗan rami daidai jikinsu don baƙin jikin yana jan zafin rana ya narkar da ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa. Ba ganyen da za su tsotsa, ba inda za su yi haihuwa, ba ƙarfin tashi, da dare ya yi sanyi ya ƙarasa su. Tsuntsaye sun san da wannan garaɓasa, a tsaunin Rainier na jihar Washington inda wani malamin jami'a John Edwards ya shafe shekaru yana bibiyar abin, akwai ƙananan tsuntsaye da ke yawo a kan ƙanƙarar suna tsinta suna kai wa 'ya'yansu a sheƙa, da dare kuma wasu ƙwarin 'yan asalin tsaunin masu son sanyi su fito daga ƙarƙashin duwatsu su cinye ragowar.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 1924. A shekarar wata tawaga daga jami'ar Oxford ta je tsibiran Svalbard, can arewa da Norway kusa da ƙarshen duniya, cikinsu akwai wani matashi Charles Elton wanda daga baya ya zama babban masanin rayuwar dabbobi. A watan Agusta 'yan tawagar suka tarar da darɓa da ranta a warwatse a kan ƙanƙara, irin darɓar da ba ta rayuwa sai a jikin wata bishiya ta dazuzzukan arewacin Turai, alhali tsibirin ko bishiya ɗaya babu. Da aka bi sawun iskar kwanakin sai lissafi ya nuna daga yankin Kola na ƙasar Rasha ta taso, tafiyar kusan kilomita 1,300 a kan teku. Edita ka auna, daga Legas zuwa Kano a mota bai kai haka ba. Wannan fa ita ce halittar da muke murtsukewa da ɗan yatsa muna cewa daga gonar wane ta rarrafo.

A wannan shekarar dai ta 1924 wani likitan tawagar Ingila da ta je hawan Everest, Hingston, ya ga wani ɗan gizo-gizo mai tsalle yana zaune abinsa a tsakanin duwatsu a tsayin kusan mita 6,700, aka yi ta mamakin me yake ci a wurin da ba tsiro. Sai bayan shekara talatin wani Ba'amurke da ya tashi a garin Darjeeling na Indiya, Lawrence Swan, ya bi tawagar da ta je tsaunin Makalu, maƙwabcin Everest, a 1954 ya zauna ya lura, ya fito da bayanin cewa sama da inda tsirrai suka ƙare akwai wani yanki na rayuwa mai zaman kansa wanda iska ce ke ciyar da shi, ita ke kawo garin fure da ɓurɓushin ganye da matattun ƙwari daga ƙasa, ƙananan halittu su ci wannan, gizo-gizo ya ci su. Ikon Allah kenan, asarar wani abincin wani.

Amma wanda ya fi ba ni sha'awa a duk wannan sha'ani wani ɗan ƙwaro ne a Hawai, tsibiran nan na Amurka da ke tsakiyar tekun Pasifik. Akwai tsauni a can ana ce masa Mauna Kea, tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, tsayinsa mita 4,207, samansa ba komai sai tsakuwar toka ja da baƙa, da rana ƙuna da dare sanyi mai daskarar da ruwa, lokacin sanyi har ƙanƙara ke sauka. An ɗauka ba abin da ke rayuwa a wurin sai wajen 1980 masu bincike suka ɗaga tsakuwa suka ga wani ɗan baƙin ƙwaro da bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, mai dogayen ƙafafu, aka sa masa suna wekiu, a 1983 aka rubuta shi a littafin masana a matsayin sabon jinsi. Da aka duba sai aka ga ɗan dangin masu tsotson ƙwaya ne, wato in aka bi salsala ɗan uwan shamai ne na nesa, 'yan uwansa na kusa suna can ƙasa suna tsotsar ƙwayar ciyayi. Shi kuwa da zama ya kama shi a inda ba ƙwaya sai ya sauya abinci, bakin nan dai na tsinke da kakanninsa ke soka wa ƙwaya shi yake soka wa ƙwarin da iska ta jefo sanyi ya kashe ko ya sumar, ya zuƙe ruwan jikinsu, kuma ya fi son bakin ƙanƙara inda take narkewa don a nan gawarwakin ke taruwa ga kuma laima. Cikin abin da iskar ke kawo masa har da 'yan uwan nasa masu fiffike na ƙasa. Shi kansa fiffikensa ya ƙanƙance ba ya iya tashi, kuma in ka duba da hankali hakan ne daidai da shi, a wurin da iska ke kaɗawa haka duk wanda ya tashi an rabu da shi kenan. Maƙwabcin tsaunin, Mauna Loa, shi ma yana da nasa irin daban. Kuma kar a raina ɗan ƙwaron nan, saman Mauna Kea cike yake da manyan na'urorin hangen taurari fiye da goma na ƙasashe daban-daban, in za a yi sabon gini sai an duba ko zai taɓa tsakuwar da yake zaune, ya yi shekaru a jerin halittun da gwamnatin Amurka ke tunanin ba wa kariya kafin a cire shi a 2011 bayan an gano ya fi yadda ake zato yawa.

Haka da dutsen St. Helens na Amurka ya yi aman wuta ran 18 ga Mayu 1980 ya ƙone komai ya bar fili fetal na toka, kafin tsiro ya dawo ƙwari ne suka fara sauka daga sama suna mutuwa a wurin, wasu ƙananan buzuzu masu cin mushe suka zauna a kansu, gawarwakin kuma suka zama taki.

Sai dai a yi hattara, ba duk ƙwaron da aka gani a tsauni ne ɓatan hanya ya kai shi ba, wannan ma darasi ne. A Turkiyya da Iran da Siriya da maƙwabtansu akwai wani mai tsotson alkama, Turkawa na ce masa sune, mai faɗin baya launin ƙasa, in ya soki ƙwayar alkama yawunsa na lalata ta yadda in an niƙa ƙullin burodi ba ya tashi, kaɗan daga irin wannan ƙwaya in ta shiga buhu ta isa ta ɓata garin. Shi wannan da gangan yake hawa, da an girbe alkama sai ya tashi ya nufi tsaunukan kusa ya shige ƙarƙashin ƙananan itatuwa da busasshen ganye ya kwanta har zafi ya wuce sanyi ya wuce, da bazararsu ta yi ya sauko gona. Abin da ya burge ni shi ne malaman gonar can ba sa zama jiran ya sauko, hawa suke yi su same shi a makwancinsa su ƙirga nawa ne a ƙarƙashin kowace itaciya, daga nan su san ko bana za a sha fama ko da sauƙi, a shirya tun kafin ya iso.

To ina ruwan manomin Dawanau ko na Maraɗi da ƙanƙarar Svalbard? Ruwansa shi ne waɗanda suka mutu a tsauni su ne 'yan kaɗan da suka yi rashin sa'a, ƙanƙara ce kawai ta tona asirinsu don fara ce ana ganin abin da ya faɗo. Sauran da ba su gamu da tsauni ba fa, ina suka sauka? A gonar wani. Mu nan ba mu da ƙanƙara, Chappal Waddi da ke Taraba wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya mita 2,419 ne kuma ciyawa ce a kansa, duwatsun Jos da na Ayar a Nijar ba su kai shi ba, abin da ya faɗo a nan ko dai ya sami ganye ya ci gaba da rayuwa ko tururuwa da ƙadangare su yi gaba da shi ba wanda ya gani. Rashin gani ne ya sa muke ɗauka ba ya faruwa.

A Ingila da suka sa na'urar rada da raga suna auna abin da ke wucewa ta saman kudancin ƙasar, sakamakon da suka fitar a 2016 ya nuna ƙwari kusan tiriliyan 3.5 ne ke ratsawa duk shekara, nauyinsu ya kai tan 3,200, kuma mafi yawansu ƙanana ne irin su darɓa. In wani ya ce ai wannan Turai ce, to ga na kusa da gida. Daga 2013 zuwa 2015 masu binciken zazzaɓin cizon sauro na Bamako tare da takwarorinsu na Amurka sun riƙa tayar da manyan balan-balan a ƙauyuka huɗu na ƙasar Mali, su ɗaura raga mai danƙo a jikin igiyar a tsayin mita 40 zuwa 290, a tayar da magariba a sauke da asuba. Sauro suka je nema, kuma sun same shi, galibi mata da suka riga suka sha jini, lissafinsu ya nuna a dare ɗaya iska na iya kai sauro har kusan kilomita 300. Amma abin da ragar ta kamo gaba ɗaya ya haura ƙwari 400,000, cikinsu har da jan ƙwaron auduga da ɗan koren nan mai tsalle da ke tsotsar shinkafa, kuma da damina abin ya fi yawa. Sahel ɗin Mali da na Sakkwato da Katsina da Damagaram ai shimfiɗa ɗaya ce, iskar damina da ke kawo musu hadari daga kudu maso yamma ita ke kawo mana, ta hunturu ma haka.

Dattawanmu da suka yi noman gyaɗa ba sa bukatar a ba su labarin 1975. Shekarar ce kuturtar gyaɗa ta afka wa Arewa, ganye ya ƙanƙance ya murɗe ya yi rawaya, shuka ta tsugune a ƙasa ba 'ya'ya, aka yi asarar kimanin hekta 700,000, a kuɗi wajen dala miliyan 250 na wancan lokacin. Ga fari da aka sha a shekarun da suka gabata, ga hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, wannan annoba ta zo ta ƙarasa dalar gyaɗar Kano. Mai yaɗa cutar kuwa ita ce wannan baƙar darɓar dai ta wake da gyaɗa, in ta tsotsi shuka mai ciwo ta ɗauki ƙwayar cutar a jikinta duk inda ta sauka ta soka baki ta zuba. Masu bincike suna ganin da rani cutar na fakewa ne a gyauron gyaɗa a wuraren da ke da laima can kudu da mu, da damina ta faɗi masu fiffike su biyo iska su yo arewa. Ka ga a irin wannan ko maƙwabcinka ya yi feshi safe da yamma ba zai hana ta sauka ba, kuma in ganye ya riga ya murɗe feshi ba ya warkar da shi, kuɗinka kawai ka zubar.

Abin da ke taimakawa an san shi tun binciken da aka yi a Samaru a shekarun 1960, shuka da wuri da ruwan farko, da kuma shuka a matse. Dalilin na biyun ma daga sama yake, darɓar da ke saukowa ta fi faɗawa gonar da take ganin kore nan jar ƙasa can, gonar da ganye ya rufe ƙasa ruf ba ta cika jan ta ba, saboda haka mai tsakaita shuka don ya yi tattalin iri shi ke kiran ta da kansa. Ga kuma ire-iren gyaɗa masu suna SAMNUT da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar waɗanda da dama cikinsu suna jure kuturta. Wannan bayani ya kamata a ce kowane manomi ya haddace shi, amma ka je shagon maganin feshi ka ji abin da ake faɗa wa mutane, daga ƙara murfi biyu sai haɗa wannan da wancan, mai shago ai ba zai ce maka ka matse shuka ba tunda ba ya sayar da matsi.

Roƙona gare ku da hukumomin gona shi ne a riƙa kallon sama. A Ingila cibiyar Rothamsted tun 1964 take da wasu dogayen bututu masu tsayin mita 12.2 da ke zuƙo iska dare da rana a sassan ƙasar, ana ƙirga darɓar da ta faɗa ciki a fitar da sanarwa duk mako manomi ya san wace iri ce ta taso kuma daga ina. Mu ma hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, na ba mu hasashen ruwan sama duk shekara, a Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ke bibiyar yanayi da fara saboda ƙasashen Sahel, to me zai hana a haɗa da masu tsotso? Ba sai an jira bututu mai tsada ba ma. Darɓa mai fiffike tana son launin rawaya, roba mai ruwan ɗorawa in ka zuba ruwa rabi ka ɗiga ɗan omo ka ajiye a gefen gona a kan bulo, da safe za ka tarar da waɗanda suka sauka sun faɗa cikin ruwan, masu bincike ma da irin wannan suke aiki. A ce makarantun sakandare da ke da malamin aikin gona daga Makurɗi da Lafiya zuwa Kafanchan, Zariya, Kano, Katsina har Maraɗi kowace ta ajiye roba biyu, ɗalibai su riƙa ƙirgawa sau biyu a mako malam ya tura adadin ta WhatsApp ga wani jami'i guda, cikin damina ɗaya za a fara ganin yadda abin ke haurowa daga kudu mako bayan mako, yaran kuma sun koyi kimiyya ta gaske ba ta allo kaɗai ba.

Ku kuma naku shi ne ku ware ɗan akwati a shafin noma, layi uku ya isa, a ce makon nan darɓa mai fiffike ta ƙaru a wuri kaza kuma iska daga kudu take, masu wake da gyaɗa a fara juya ganye ana dubawa, gidajen rediyo su ɗauka su karanta da safe. In an fara ni mai kawo muku adadin garinmu ne duk Litinin in Allah ya yarda, robar ma na riga na saya.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin gona, daga Funtuwa, Jihar Katsina.